Sirrin Da Ke Wuyan Hannu

Sau biyar Najeriya ta ɗauki kofin duniya na 'yan ƙasa da shekara 17: a 1985, 1993, 2007, 2013 da 2015. Babu ƙasar da ta kamo ta. Amma Super Eagles ba ta taɓa wuce zagayen 'yan 16 a gasar manya ba. To, ina yaran suke shiga? Musun nan ya ƙi ƙarewa a gidajen kallon ƙwallo na Kankia da Kusada.

Fili aka fara zargi. Gaskiya ne a ƙauyuka irin su Bauranya kan turɓaya ake taka leda, duwatsu biyu su ne raga. Sai dai da yawa cikin zakarun nan a irin wannan fili suka tashi, don haka ba shi ne ɓarawon ba. Aka koma kan kuɗi da masu horarwa. Nan ma akwai ƙamshin gaskiya, amma bai faɗi abin da zai sa ɗan wasa ya gagari kowa yana "sha shida", ya kuma ƙare tun bai kai "ashirin da biyar" ba.

Bakin zaren ya fito a 2009, shekarar da Najeriya ta karɓi baƙuncin gasar, har aka buga wasanni a Kano. FIFA ta zo da hoton MRI na wuyan hannu don tantance shekarun 'yan wasa. A ƙarshen ƙashin akwai guringuntsi, ta nan yaro ke ƙara tsawo. Yana girma wurin na rufewa, in ya haɗe tsaf kusan tabbas mutum ya haura 17. Takardar rantsuwar shekaru kowa na iya karɓowa daga kotu, ƙashi kuwa ba ya zuwa kotu. Kafin a fara gasar, an sallami 'yan wasa 15 daga sansanin Najeriya. A 2016 abin ya fi muni: 26 suka faɗi gwajin, Nijar ta lallasa ragowar da ci 3-1 a wasan share fage a Yamai, zakarun duniya suka dawo gida.

Ashe ƙato ne ake sakawa cikin yara, ya ci kofi da ƙarfin ƙirji, alhali ya gama girmansa. Hujja ta ƙarshe tana wurin waɗanda suka ci kofi bayan zuwan gwajin. 'Yan 2013 sun ba mu Kelechi Iheanacho da Taiwo Awoniyi. Victor Osimhen, da ya ci ƙwallo 10 a 2015, ya zama gwarzon Afirka a 2023.

Mai shirya gasar unguwa a Kusada ba shi da MRI, amma yana da rajistar firamare da ke wurin hedimasta, wadda aka rubuta tun ba a san yaron zai buga ƙwallo ba. Uban da zai kai ɗansa kulob kuma ya bar ƙirga kofuna, ya ce wa koci: "Malam, yaran da ka horar shekara biyar baya, ina suke yanzu?"