Dunƙulen shamfu da cutar soriyasis: Abin lura kafin a sauya sabulun wanke kai

Shamfun da ake sayarwa a dunƙule kamar sabulun wanka ya fara samun kasuwa a shagunan kayan kwalliya da kuma shafukan sada zumunta a Najeriya. Masu tallarsa na cewa yana jimawa kafin ya ƙare, ba ya zubewa a jaka, kuma ba ya barin robar da za ta ƙara cika magudanan ruwa. Akwai gaskiya a cikin wannan, domin mafi yawan abin da ke cikin kwalbar shamfu ruwa ne.

Sai dai ga mai fama da cutar soriyasis a fatar kai, sauya abin wanke kai ba ƙaramin mataki ba ne. Zaɓi mara kyau na iya tayar da ciwon da aka ɗauki watanni ana lallaɓawa.

Mece ce soriyasis?

Soriyasis cuta ce ta fata mai daɗewa, wadda ke faruwa sakamakon rikicewar garkuwar jiki. A lafiyayyen jiki, fata na ɗaukar kimanin wata guda kafin ta sabunta kanta. A jikin mai wannan cuta kuwa, hakan na faruwa cikin 'yan kwanaki, sai ƙwayoyin fatar su taru su yi kauri, su riƙa ɓarewa tare da ƙaiƙayi.

Ba a ɗaukar ta daga wani, ko ta taɓawa ko ta haɗa mataji. A shekarar 2014 Babban Taron Lafiya na Duniya ya amince da ita a matsayin babbar cuta mara yaɗuwa, kuma rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2016 ya ce aƙalla mutum miliyan 100 ne ke ɗauke da ita. An ware ranar 29 ga Oktoba ta kowace shekara domin wayar da kai a kanta.

Kusan rabin masu cutar na samun ta a fatar kai. A baƙar fata, tabon kan fito da duhu ko ruwan toka maimakon ja, shi ya sa ake yawan ɗaukar ta a matsayin amosani ko makero. Likita ne kawai zai iya bambancewa, kuma maganin kowanne daban yake.

Dunƙule iri biyu ne

A ido duk kamarsu ɗaya, amma haɗinsu ya bambanta ƙwarai.

Na farko sabulu ne zalla, wanda ake yi ta hanyar haɗa mai, kamar na kwakwa ko man kaɗanya, da soda ko ruwan toka. Sabulun salo ma a wannan rukuni yake. A ma'aunin pH, wanda ke auna tsami da kaifin kanwa daga 0 zuwa 14, irin wannan sabulu kan tsaya tsakanin 9 da 10, alhali fatar kai tana kusa da 5.5. Wannan tazara na busar da fata, tana kuma raunana kariyar da ke samanta, wadda dama cutar ta riga ta taɓa.

Matsalar kan ƙaru a inda ruwan rijiya ko burtsatse ke ɗauke da sinadaran kalsiyam da magneziyam da yawa, wato ruwan da sabulu ba ya kumfa sosai a cikinsa. Sabulun na haɗuwa da su ya bar wani danƙo a gashi da fatar kai. Wasu 'yan kasuwa kan ba da shawarar a ɗauraye da khal ko lemun tsami, amma a fatar da ta tsage hakan raɗaɗi zai jawo.

Na biyu shi ne shamfu na gaske da aka cire wa ruwa aka matse. Ana iya daidaita tsaminsa ya yi kusa da na fata. Wanda aka yi da sinadarin da ake rubutawa a kwali da sunan Sodium Cocoyl Isethionate ya fi laushi. Amma wasu na ɗauke da Sodium Lauryl Sulfate mai yawa, sinadarin da aka sani da fusata fata mai rauni.

Turare ma abin lura ne. Man na'a-na'a, na lemu da makamantansu na iya haddasa ƙaiƙayi ko borin fata, ko da an rubuta cewa daga tsirrai aka samo su. Wanda ba shi da ƙamshi ko launi ya fi aminci.

Ba madadin magani ba ne

Babban haɗarin shi ne mutum ya ajiye shamfun da likita ya rubuta masa ya koma dunƙule. Shamfun magani na ɗauke da sinadarai irin su kwaltar gawayin kwal, wadda ke rage saurin taruwar fata, ko asid ɗin salisilik da ke tausasa ɓawon. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da kwaltar a kashi 0.5 zuwa 5 cikin ɗari, salisilik kuma a kashi 1.8 zuwa 3. Yawancin dunƙulen da ke kasuwa ba su da ko ɗaya daga ciki. Aikinsu wanki ne kawai, don haka wurinsu shi ne ranakun da ba na magani ba.

Yadda za a gwada

Ƙungiyar likitocin fata ta Amurka na ba da shawarar a fara gwada duk sabon kayan fata a ƙaramin wuri, kamar cikin gwiwar hannu, sau biyu a rana na kwana 7 zuwa 10. Idan abin wankewa ne, a bar shi kamar minti biyar sannan a ɗauraye.

Bai dace a fara gwajin lokacin da ciwon ya tashi ba, ko a tsakiyar hunturu da busasshiyar iska ke tsananta shi. Haka kuma kada a sauya abu biyu a lokaci guda, domin a iya gane wanda ya kawo matsala.

Wajen wanki, a murza dunƙulen a tafin hannu ya yi kumfa, sannan a shafa da kan yatsu. Goga shi kai tsaye a fatar kai, susa da farce ko kankare ɓawon da mataji na iya haifar da sabon tabo a inda aka ji wa fata rauni, lamarin da likitan Jamus Heinrich Koebner ya bayyana tun a ƙarni na 19. Kitso mai tsauri da man sassauta gashi ma na iya yin haka. A yi amfani da ruwa mai ɗumi kaɗan, a ɗauraye sosai, a ajiye dunƙulen inda zai bushe.

A duba lambar rajistar NAFDAC da cikakken jerin sinadarai. Wanda ba shi da jerin, gara a bar shi.

Idan aka ji zafi, ƙaiƙayi ya ƙaru ko tabo ya faɗaɗa, a dakata nan take. Zancen cewa sai kai ya saba bayan 'yan makonni bai shafi fata mai ciwo ba. Wanda kuma ya ga jini, ruwa na fita, gashi na zubewa ko gaɓoɓi na ciwo da kumburi, ya hanzarta ganin likitan fata, domin soriyasis kan shafi gaɓoɓin kusan mutum 3 cikin 10 na masu ita.