Wayar Tafinta Domin Kurame: Matsalar Kuɗi Da Ta Harshe A Karkarar Arewacin Kano

Gabatarwa

Tun daga shekarar 2001 da wayar salula ta fara aiki a Nijeriya, da wuya a sami wani abu da ya sauya zaman mutanen karkara kamarta. Manomin Makoɗa ko na Kunci yana iya jin farashin gero a kasuwar Dawanau tun bai ɗora wa jaki mangala ba, kuma ɗan ci-rani yana gaida mahaifiyarsa daga Ikko ba sai ya jira mai zuwa gida ba. Amma akwai waɗanda wannan alheri ya tsallake, watau kurame da bebaye, domin waya abar kunne ce da baki. Maƙasudin wannan takarda shi ne a yi bayanin wata dabara da waɗansu ƙasashe suka ɓullo da ita don toshe wannan giɓi, a duba yadda suke biyan kuɗinta da yadda suke sa mata ido, sa'an nan a auna ta da halin da ake ciki a ƙauyukan arewacin Jihar Kano. Na kira dabarar "wayar tafinta", tun da ba ta da suna a Hausa tukuna. In masana harshe da ke wannan zaure suna da wanda ya fi shi, to, madalla.

Yadda abin yake aiki

Mutum uku ne a kan layi. Kurma ya buga kiran bidiyo zuwa wata cibiya inda tafinta yake zaune gaban kyamara. Tafintan ya buga wayar murya zuwa ga wanda kurman yake nema, likita ne ko dillali ko surukinsa. Kurma ya yi magana da hannu, tafinta ya mai da ita murya. Mai ji ya ba da amsa, tafinta ya mai da ita alamar hannu. Wanda aka kira ba ya bukatar kome sai wayarsa ta kullum.

Wani zai ce ai saƙon rubutu ya wadatar. Ya wadatar ga wanda ya yi makaranta. Kurman ƙauye kuwa sau da yawa ko ƙofar aji bai taɓa gani ba, kuma Hausar baka da ake rubutawa ba ita ce harshen da yake tunani da shi ba. Harshensa a hannunsa yake da fuskarsa, saboda haka sai an gan shi za a ji shi.

Wa yake biya a waɗansu ƙasashe

Ƙasar Suwidin ce ta fara buɗe irin wannan cibiya domin jama'a a shekarar 1997, kuma gwamnati ce take ɗaukar nauyinta. Amurka ta bi wata hanya dabam. Dokarta ta haƙƙin naƙasassu ta 1990 ta wajabta wa kamfanonin tarho su samar wa kurame hanyar kira. A 1993 aka kafa asusu wanda kamfanonin sadarwa suke zuba wani kaso na cinikinsu a ciki, kuma a shekarar 2000 hukumar sadarwar ƙasar, watau FCC, ta yarda a riƙa biyan kiran bidiyo daga asusun. Kurma ba ya biyan ladan tafinta. Hujjarsu ita ce mai ji ba ya biyan kowa don ya ji, saboda haka ba adalci ba ne a ɗora wa kurma wannan kuɗi shi kaɗai.

Hukumar ta gindaya sharuɗɗa. Dole cibiya ta kasance a buɗe dare da rana, dole a amsa kashi 80 cikin 100 na kira cikin daƙiƙa 120, kuma an haramta wa tafinta ya faɗi abin da ya ji ko ya ajiye shi a rubuce. Inda aka yi tuntuɓe shi ne wajen yadda ake biya. Minti ake ƙirgawa, kuma a wajajen 2009 ladan minti ɗaya ya haura dala 6. Da mutane suka ga haka sai waɗansu suka shiga ƙirƙirar kiran ƙarya, a buga lamba a bar layi a buɗe ba mai magana, agogo yana ta tafiya. A watan Nuwamba 2009 aka gurfanar da mutum 26 gaban shari'a a kan wannan zamba, kuma a 2011 hukumar ta tsaurara ƙa'idojinta. Gani ga wane, in ji Bahaushe, ya isa wane tsoron Allah.

Ingila kuwa ta ware kiran gaggawa ta ba shi kulawa ta musamman. Daga watan Yuni 2022 kurma yana iya kiran lambar 999 ta bidiyo kyauta, kuma kamfanonin sadarwa ne hukumar Ofcom ta ɗora wa nauyin.

Abin da dokarmu ta tanada

Nijeriya ba ta rasa tubalin ginin ba. Dokar Sadarwa ta 2003 ta ba Hukumar Sadarwa ta Nijeriya, watau NCC, ikon sa ido a kan kamfanoni, ta kuma tanadi asusun da ake kira USPF, wanda aikinsa shi ne kai sadarwa ga wurare da mutanen da kasuwa ba ta kai gare su ba. Ana ciyar da asusun daga kuɗin da kamfanoni suke biyan hukumar kowace shekara. A 2010 ƙasar ta tabbatar da amincewarta da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin naƙasassu. A watan Janairu 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan dokar hana nuna wa naƙasassu bambanci, wadda ta ce asibitin gwamnati ya tanadi hanyar magana ta musamman ga majinyacin da ba ya iya ji ko magana, kuma a 2020 aka kafa hukumar kula da naƙasassu ta ƙasa. A ganina, in za a kafa wayar tafinta a nan, asusun USPF ne gidanta, domin kurman ƙauye ya cika sharaɗin asusun sau biyu: yana nesa da birni, kuma ba kamfanin da zai ci riba da shi.

To, amma kuɗi ba shi ne babban abin da ke damuna ba.

Wane harshe tafintan zai yi?

Harshen kurame ba ɗaya ba ne a Jihar Kano. Akwai Maganar Hannu, wadda waɗansu ke kira maganar bebaye, wadda kuramen ƙasar Hausa suka gada kaka da kakanni. Ba a aji ake koyonta ba. Yaro yana tsintarta ne a wurin manyansa kurame, a kasuwa da dandali da bakin masallaci. Tana da ƙa'idojinta na nahawu, kamar yadda Constanze Schmaling ta nuna a littafin da ta wallafa a kanta a shekarar 2000 bayan binciken da ta yi a Kano. Masu ji da yawa ma sun iya wani abu daga cikinta, musamman 'yan kasuwa, kuma tun da daɗewa kurame suna da Sarkin Bebaye kamar yadda makafi suke da nasu sarki.

Sa'an nan akwai harshen makaranta. Asalinsa maganar hannun Amurka ce, wadda Andrew Foster, wani kurma Ba'amurke baƙar fata, ya shigo da ita lokacin da ya buɗe makarantar kurame a Ibadan a 1960. Da shi ake horar da malamai a Kwalejin Ilmi ta Musamman da ke Oyo, shi ne kuma muke gani a kusurwar talabijin lokacin labarai. Makarantar Tudun Maliki da aka buɗe a Kano a 1977 ita ce babbar mahaɗar harsunan biyu, kuma yawancin waɗanda suka bi ta cikinta suna iya juya hannu ta kowane ɓangare. Amma Tudun Maliki a birni take. Yaro nawa daga Tsanyawa ko Gabasawa iyayensa suka kai shi can?

Bari in ba da misali da abin da na gani da idona. Wata shekara na je duba ɗalibanmu masu koyon koyarwa a wani ƙauye, sai aka kawo wani manomi kurma ɗakin shan magani, ciki ya murɗe shi. Ɗaya daga cikin ɗaliban ya koyi maganar hannu ta makaranta, yana ma da takardar shaida, sai aka kira shi ya yi tafinta. Ya yi ta harhaɗa haruffan boko da yatsu, manomi yana kallonsa kamar mai kallon wasan dabo. Can sai aka aika aka kira wani mai shayi da suka saba zama tare, nan da nan ya gano cewa mutumin ya yi feshin maganin ƙwari a gonar wake ne ya ci abinci bai wanke hannu ba. Mai shayin bai yi ko firamare ba. Da ɗan gari akan ci gari.

Yanzu a ɗauka an buɗe cibiya a Abuja, an ce ba za a ɗauki tafinta ba sai mai takardar shaida. Duk wanda za a ɗauka irin ɗalibina ne. Kurman da ya yi makaranta zai amfana, kuma haƙƙinsa ne ya amfana, amma manomin nan zai buga sau ɗaya ya ga hannun da bai fahimta ba, ba zai ƙara bugawa ba. A ƙarshen shekara rahoto zai nuna cewa karkara ba ta bukatar abin, alhali kuwa da kuɗin da aka tara daga cinikin katin wayar 'yan'uwansa aka gina shi. Saboda haka ya wajaba a rubuta sunan Maganar Hannu ƙarara a cikin ƙa'idar da hukuma za ta fitar, a kuma ce kurame masu harshen ne za su jarraba tafinta kafin a ba shi aiki. Tafintocin kuwa suna nan: 'ya'yan kurame masu ji, da ƙannensu, da tsofaffin ɗaliban Tudun Maliki waɗanda za su iya tsayawa tsakanin harsunan biyu. Abin da suka rasa shi ne horo a kan kalmomin asibiti da na kotu da kuma riƙon amana, wannan kuwa aikinmu ne mu malaman kwalejojin ilmi, in har za mu yarda mu karɓi ɗalibin da hannunsa ya fi takardarsa ƙarfi.

Kada kuma a zaci masu bukatar kaɗan ne. Wannan yanki yana cikin ƙasashen da sanƙarau yake addaba da bazara. A annobar 1996 kaɗai an ƙidaya fiye da mutum 100,000 da suka kamu a Nijeriya, fiye da 11,000 suka rasu, kuma kurumta tana daga cikin tabon da cutar takan bar wa waɗanda suka tashi. Jariran da suka tsira a wancan lokaci yanzu magidanta ne da matan aure.

Halin karkara

Ƙasar da ta kewaye Kano, wadda Michael Mortimore ya yi shekaru yana nazarinta, tana daga cikin karkarar da ta fi cikar jama'a a Afirka ta Yamma. Gona na jikin gona, gida na hangen gida, ba a barin saura. Wannan cikowa alheri ce ga maganarmu, domin turken sadarwa ɗaya yana ɗaukar mutane masu yawa, kuma ba wanda yake nesa ƙwarai da kasuwa ko ɗakin shan magani. Sai dai kiran bidiyo ya fi kiran murya cin abubuwa. Yana son babbar waya, da layi mai ƙarfi wanda hoto ba zai riƙa tsinkewa ba, da caji a inda lantarki bai kai ba, da haske, tun da ba a ganin hannu cikin duhu. Yana kuma cin data. In an ce tafinta kyauta ne amma kurma zai sayi data, to, an ba shi da dama an karɓe da hagu. Ya kamata a wajabta wa kamfanoni su yafe kuɗin data a kan lambar cibiyar, kamar yadda Ofcom ta nema a kan kiran gaggawa.

Akwai wata ƙa'ida ta Amurka da bai kamata mu kwaikwaya ba. Asusunsu ba ya biya idan kurma da mai ji suna ɗaki ɗaya, domin a wurinsu wannan ba kiran tarho ba ne. A Ɗambatta ko Minjibir kuwa yawancin bukatar ta ɗaki ɗaya ce: gaban malamin asibiti, gaban alƙali ranar rabon gado, wurin rabon takin zamani, ofishin 'yan sanda. In aka hana wannan, an hana mafi amfanin abin. Ni da za a ji tawa, da an fara da ajiye waya ɗaya mai faifan hasken rana a kowane ɗakin shan magani da kowace kotu, kafin a yi maganar wayar da ke aljihun kowa, a kuma haɗa cibiyar da lambar gaggawa ta 112.

Dangane da biya, kada a ƙirga minti. Mun ga abin da ya haifar a ƙasar da take da masu binciken kuɗi fiye da namu. Ban da haka, a farkon lamari kira zai yi ƙaranci a karkara, kuma duk wanda ake biya da minti zai karkata ne inda minti yake da yawa, watau birni. Gara a biya ladan zaman tafinta a bakin aiki, awa kaza a rana, ko an kira ko ba a kira ba, sa'an nan a auna cibiya da saurin amsawarta da kuma shaidar kuramen da suka yi amfani da ita, ƙaramar hukuma bayan ƙaramar hukuma.

Saura batun sirri, wanda a nan ya fi na can wuya. Masu Maganar Hannu sun san juna, kuma mai yiwuwa ne tafintan da ya bayyana a waya ya zama ɗan maƙwabci ko ɗan kishiya. Dole mai kira ya sami damar cewa a sauya masa wani ba tare da an tambaye shi dalili ba. Haka kuma matar aure da ke cikin kulle ba za ta tsaya gaban kyamara ta kwatanta wa namiji baƙo ciwon da ya shafi haihuwa ba, ko mijinta ya yarda ko bai yarda ba. Ya kamata ƙa'ida ta ce a kowane lokaci na aiki, dare ko rana, akwai mace tafinta aƙalla ɗaya a cibiyar, kuma a fara neman waɗannan mata tun kafin a sayi kyamara ta farko, domin horar da su zai fi sayen kayan aiki ɗaukar lokaci.