Ƙashinmu da Abincin da Muke Ci

Da yawa daga cikinmu mun taɓa ganin tsohuwa wadda bayanta ya ranƙwafa, ko wadda ta zame a tsakar gida ƙashin ƙugunta ya karye. Mukan ce tsufa ne. Amma sau da yawa wata cuta ce da likitoci suke kira ostiyoforosis, watau zaizayar ƙashi. Ƙashin yakan zama kamar azarar da gara ta cinye daga ciki: a ido lafiya lau, sai ran da nauyi ya hau ta. Masana sun ƙiyasta cewa a duniya mace ɗaya cikin 3 da namiji ɗaya cikin 5 waɗanda suka wuce shekara 50 za su karye saboda wannan cuta. Ta fi kama mata, gama ƙashinsu yakan ragu da sauri bayan al'ada ta ɗauke.

Watakila ɗalibi ya ce, "To, ina ruwana da ciwon tsofaffi?" Ruwanka ne ƙwarai. Babban mutum yana da ƙasusuwa 206, kuma kashi 99 cikin 100 na kalsiyam ɗin jikinsa a cikinsu da haƙora yake. Amma zuciya da jijiyoyi su ma ba sa aiki sai da kalsiyam. Idan abinci bai kawo shi ba, jiki ba ya jira, sai ya ɗiba daga ƙashi. Ƙashi dai rumbu ne, kuma akasarin cika shi ana yi ne kafin shekara 20. Wajen shekara 30 an rufe baki, daga baya sai ɗiba. Ashe shekarun da muke zaune a aji su ne kakarmu.

Masana abinci na Amurka sun tsai da miligiram 1,300 a rana ga mai shekara 9 zuwa 18, babba kuwa 1,000. Mu gwada wannan da abin da aka gani a Jos. A 1999 Dokta Tom Thacher da abokan aikinsa suka buga bincike kan yara masu laushin ƙashi, irin waɗanda ƙafafunsu suke lanƙwashewa kamar baka. An saba ɗora laifin wannan ciwo a kan rashin bitamin D, wanda fata take samarwa idan rana ta taɓa ta. Amma ina ƙarancin rana a ƙasarmu? Suka tarar yaran suna samun kalsiyam wajen miligiram 200 kaɗai a rana, kuma waɗanda aka ba kalsiyam sun fi waɗanda aka ba bitamin D zalla warkewa.

Dalilin yana cikin kwanonmu. Tuwon masara da na dawa suna cika ciki, amma kalsiyam ɗinsu kaɗan ne. Bugu da ƙari, hatsi yana da wani sinadari da yake riƙe kalsiyam, ya hana hanji ɗaukarsa. Jiƙa hatsi har ya yi tsami, kamar yadda iyayenmu mata suke yi wa kamu, yana rage wannan.

Abin farin ciki, maganin ba daga Ingila zai zo ba. Kofi ɗaya na madara ko nono yana da kusan miligiram 300. Fura da nono, kindirmo da cuku duk suna taimakawa, muddin an dafa madarar kuma ba a cika ta da ruwa ba. Ƙananan busassun kifi da ake ci har da ƙaya suna da kalsiyam mai yawa. A daka su a zuba a miya. Akwai riɗi, zogale da kuɓewa. Ita kuwa miyar kuka, wadda wasunmu suke yatsine fuska idan sun gan ta a ɗakin cin abinci, ganyenta yana cikin mafi arzikin kalsiyam a ƙasar nan. A ganinmu, ɗalibin da ya sayi lemun kwalba da kuɗin da zai sayi nono ya yi hasara sau biyu.

Abinci kaɗai bai isa ba. Ƙashi yana ƙara ƙarfi ne idan ana ɗora masa aiki: ƙwallo, guje-guje, tsalle, noma, daka. 'Yan matanmu masu ɓuya lokacin wasanni su lura. Taba da giya suna raunana ƙashi, haka nan ƙwayoyi irin su dexamethasone da wasu suke sha don su yi ƙiba.

Ƙwayoyin kalsiyam na kemis fa? Suna da amfani ga wanda likita ya ga abincinsa ya kasa, kamar wasu masu ciki, tsofaffi da yaran da ƙashinsu ya yi laushi. Amma jiki ba ya ɗaukar fiye da wajen miligiram 500 da kyau a lokaci ɗaya, don haka akan raba su. Yawansu yana iya kawo taurin bayan gida da tsakuwar ƙoda, kuma suna hana maganin ƙarin jini da tetracycline shiga jiki idan an sha su tare. Wanda yake shan wani magani, ya faɗa wa likita kafin ya saya.