Kalmomin Hutun Makaranta da Tafiyar Iyali a Harshen Sifaniyanci

Hutu a harshen Sifaniyanci shi ne vacaciones, kuma kusan kullum a jam'i ake faɗarsa. Da yake harafin v a wannan harshe furucin b yake da shi, a kunne kalmar da "ba" take farawa. Wanda ke cikin hutu zai ce estoy de vacaciones. Ranar hutun gwamnati guda ɗaya kuwa ana kiranta día festivo a Sifaniya, a Ajantina da Chili kuma feriado.

A Sifaniya ana komawa makaranta a watan Satumba, a tashi a ƙarshen Yuni, da manyan hutu uku. Na farko shi ne vacaciones de Navidad, hutun Kirsimeti, wanda ba ya ƙarewa sai bayan 6 ga Janairu, ranar da ake kira Día de Reyes, lokacin da yara ke samun kyaututtuka. Na biyu Semana Santa, makon da ke kaiwa ga bikin Ista, cikin Maris ko Afrilu. Na uku, wanda ya fi tsawo, shi ne vacaciones de verano, hutun lokacin zafi. A Ajantina da Chili lamarin a juye yake, domin suna kudancin duniya: babban hutunsu daga Disamba ne zuwa ƙarshen Fabrairu, sannan a tsakiyar shekara a yi vacaciones de invierno, hutun sanyi na kimanin mako biyu.

Akwai kuma puente, wato gada. Idan ranar hutu ta faɗo Talata ko Alhamis, sai a haɗa da ranar aikin da ke tsakaninta da ƙarshen mako, a samu kwana huɗu a jere. Wadda ta fi shahara a Sifaniya ita ce ta Disamba, saboda ranakun 6 da 8 ga watan duk na hutu ne.

A watan Agusta iyalai da dama kan bar manyan birane kamar Madrid, wasu su nufi playa, bakin teku, wasu montaña, tsaunuka, wasu kuma pueblo, garin asali. A can yara ke haɗuwa da abuelos, kakanni, da tíos, wato kawu da baffa da inna da gwaggo, da kuma primos, 'ya'yansu.

Tafiya ita ce viaje, kuma harafin j ana furta shi kamar h mai kauri daga maƙogwaro. Akwatin kaya maleta, kaya baki ɗaya equipaje, jirgin sama avión, jirgin ƙasa tren, tikitin zuwa da dawowa kuma de ida y vuelta. Sai dai a nan ne ƙasashe suka sha bamban. Tikiti a Sifaniya billete ne, a Meziko boleto, a Ajantina galibi pasaje. Motar bas a Madrid autobús ce, a Meziko camión, a birnin Buenos Aires colectivo, a Kiyuba da tsibiran Kanari kuma guagua. Wanda ya nemi camión a Sifaniya, babbar motar ɗaukar kaya za a nuna masa.

Wasu kalmomin matafiyi ba za su yi wa mai jin Larabci baƙunta ba, domin Musulmi sun yi mulki a sassan Sifaniya, wato Andalus, daga 711 zuwa 1492. Daga Larabci aka samo aduana, ofishin kwastan, da alquiler, haya, da almohada, matashin kai, da azúcar, sukari. Haka ma ojalá, da ake faɗa wajen fatan abu ya tabbata, akwai sunan Allah a cikinta.

A tasha tambayoyi biyu sun fi amfani: ¿Cuánto cuesta?, wato nawa ne, da ¿Dónde está…?, wato ina abu kaza yake. Mai rakiya kan yi sallama da ¡Buen viaje!, kwatankwacin a sauka lafiya. Komawar yara aji bayan hutu kuwa, Sifaniyawa na kiranta la vuelta al cole. Kafin a haddace waɗannan kalmomi, ya kamata a fara sanin ƙasar da za a je, domin ita ce ke nuna wace kalma za a yi amfani da ita da kuma watan da hutu ke kamawa.