Layin Wayarka Shi Ne Mabuɗin Albashinka

Duk wanda ya yi aikin gwamnati a Kaduna zamanin littafin ajiya, ya san yadda ake fitar da kuɗi a bankunan titin Yakubu Gowon. Sai mutum ya je da ƙafarsa, ya sa hannu, akawu ya gwada da wanda ke cikin kati, sa'an nan a ƙirga masa. Ɓarawon da ke son albashin wani, tilas ya koyi rubutun mai shi, ya kuma nuna fuskarsa.

Yau ba ya bukatar ko ɗaya. Tun da Babban Bankin Nijeriya ya fito da BVN a 2014, watau lambobi 11 da ke haɗa ajiyar mutum da zanen yatsunsa, bankuna kuma suka koma aika lambar tabbatarwa ta waya, sai ɗan katin sim ya maye gurbin sa hannu. Wanda ya fizge waya a cunkoson tashar Kawo ko bakin Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi, sau da yawa ba wayar ce ta dame shi ba. Zai zare sim ɗin ya sa a wata, ya tono BVN, ya shiga lalube kafin mai ita ya kai gida.

Wani kuwa ko fizgen ba ya yi. Zai bugo ƙarshen wata da murya mai ladabi, ya kira ka da cikakken sunanka, ya ce daga banki ne, za a rufe asusunka in ba ka karanto lambar da aka aiko maka ba. Abin mamaki, har masu ilmi suna karantowa, alhali babu bankin da ke tambayar wannan lamba ko lambar sirrin kati.

Ɗalibai ma su yi hattara da mai cewa a ara masa asusu kuɗi su wuce, zai ba da na goro. Ranar da asiri ya tonu, sunan mai asusun hukumar EFCC za ta fara bi.

Sa wa sim lambar kulle ba ya cin minti biyu. In waya ta ɓace, a fara sa banki ya rufe asusu, sa'an nan kamfanin waya ya toshe layin. Wanda aka riga aka cuta ya rubuta wa bankinsa koke, ya riƙe kwafi. In mako biyu ya wuce shiru, ya kai maganar sashen kare masu ajiya na Babban Banki.