Sifirin Baya na Motocin Ɗaukar Kaya

Duk wanda ya taɓa tsayawa a kasuwar rake ta Makarfi, ya ga yadda ake labta wa akori-kura kaya har gindinta ya kusa shafar ƙasa, sa'an nan ta kama hanyar Zariya tana rangaji, lalle ya cancanci ya san abin da ke riƙe da wannan nauyi. Idan ya durƙusa ya leƙa bayan taya, zai tarar da fallayen ƙarfe an jera su bisa juna, mafi tsawo a sama, mafi gajarta a ƙasa, an lanƙwasa su kamar baka. Shi ne sifirin, kuma asalinsa ya girmi mota, domin tun 1804 wani Bature a Ingila, Obadiah Elliott, ya yi rajistar irinsa saboda keken doki.

Hikimar kuwa ga inda take. Fallen sama yana da ido biyu. Na gaba an kafe shi a jikin shasi, alhali na baya an rataye shi ga wani ɗan ƙarfe mai lilo, saboda baka idan nauyi ya danne shi ya miƙe, dole tsawonsa ya ƙaru, in kuwa bai sami wurin miƙewa ba sai ya karye. Ƙusa guda ta ratsa tsakiyar fallayen ta haɗe su, wasu ƙarafa biyu masu siffar ƙugiya suka ɗaure su ga aksil. Gogayyar fallayen kuma tana rage tsalle, shakazoba ta ƙarasa sauran. Ashe abu ɗaya yana ɗaukar kaya, yana riƙe aksil a muhallinsa, shi ya sa ko da ƙananan motoci suka koma ga sifirin naɗaɗɗe, motar kaya irin Peugeot 504 mai buɗaɗɗen baya ba ta rabu da mai fallaye ba.

Amma akwai wata al'ada da ban yarda da ita ba. Direban da ke jigilar tumatir daga Ikara ko Hunkuyi yakan ce wa makanike, "Maigida, a ƙara mini falle biyu." Mota dai za ta daina durƙusawa, haƙiƙa, sai dai birki da taya da shasi suna nan yadda kamfani ya ƙaddara su, kuma ranar da ta dawo ba kaya za ta yi ta dukan ƙugun mai ita. Ƙusar tsakiya kuwa in ta tsinke a wani rami, aksil ya goce, sai ka ga motar tana tafe a karkace kamar ƙaguwa.