Magini a cikin baki

Duk wanda ya taɓa zama kusa da masu buga bulo ya san ruwa ne ke ƙarfafa siminti. Da sassafe za ka ga yaro riƙe da tiyo yana bin bulo layi-layi yana shayar da su kamar mai ban ruwan albasa. Bulon da aka bari da ƙishi kuwa, ko da ƙafa ka taka shi sai ya marmashe. Wannan hali na siminti, wato son danshi, shi ne ya kai shi wurin da ba wanda ya zata: cikin saiwar haƙori.

Likitan haƙori magini ne da aka ba aiki a mafi munin fili. Wurin ƙarami ne, ga duhu, ga yawu ba ya yankewa, wani lokaci ga jini. Kamar a ce ka yi yaɓe ana tsuga ruwan sama a watan Agusta. Farin cikon nan da ake haska wa shuɗiyar fitila ya ƙame cikin daƙiƙu yana da kyau a saman haƙori, amma ɗan gata ne, danshi kaɗan ya taɓa wurin sai ya ƙi kamawa. To, idan ɓarakar tana can ƙasa, a ƙarshen saiwa inda ba ta taɓa bushewa fa?

A farkon shekarun 1990, Mahmoud Torabinejad da abokan aikinsa a Jami'ar Loma Linda da ke Kaliforniya suka fito da wani gari da ake kira MTA, hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da shi a 1998. Da masu bincike suka duba abin da ke cikinsa, sai ga shi ɗan uwan simintin Portland ne na jini, simintin da wani magini a Leeds ta Ingila, Joseph Aspdin, ya yi wa rajista tun 1824. Dangi ɗaya ne da wanda ake saukewa daga tirela a kasuwa. Bambancin shi ne an tace shi, an niƙe shi lukwi, an raba shi da ƙarafa masu guba, sannan an zuba masa sinadarin bismut kusan kashi ɗaya cikin biyar domin ya fito fari tas a hoton eksire. Kada wani ya ji wannan ya nufi buhun da ya rage a soro. Giram ɗaya na garin likita ya fi buhun siminti tsada, kuma tacewar ce ake saya.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda jiki ke karɓarsa. Bango ba ya taya magini aiki, haƙori kuwa yana yi. Idan garin ya sha ruwa yana sakin wani sinadari irin na jiƙaƙƙiyar farar ƙasa, mai kaifi kamar ruwan toka, wanda ƙwayoyin cuta ba sa iya zama a cikinsa. Naman da ke ƙarƙashi kuma sai ya fara gina sabon ƙashin haƙori a jikin cikon, kamar maƙwabci ya ga kana ɗora katanga ya fito ya ɗora tasa ta ɗaya gefen.

Yana da nasa aibu. Na farkon mai launin toka ne, yana dusar da haƙori, shi ya sa aka fito da fari a 2002, shi ma bai kuɓuta gaba ɗaya ba. Ga wuyar sarrafawa, kamar jiƙaƙƙen yashi a bakin cokali. Ga nawa: sai ya yi kusan awa uku kafin ya kama. Saboda haka likitoci da yawa kan ɗora 'yar jiƙaƙƙiyar auduga a kansa, su rufe da cikon wucin gadi, su ce wa mai haƙori ya dawo wata rana, daidai yadda magini ke shimfiɗa jiƙaƙƙen buhu a kan sabon daɓe ya ce kada yara su taka sai gobe.